Zaɓen 2021 da abin da ya biyo baya: tambayoyin da har yanzu ake yi a Damagaram

In ka zauna a kowace fada a Zinder, daga Birni har Garin Malam, kafin a kai shayi na uku hira ta karkata ga siyasa, kuma in ta karkata ba ta wuce ranar 21 ga Fabrairu 2021. Yaran da ba su kai shekarun zaɓe ba a lokacin sun girma suna tambaya, ƴan uwanmu na Kano da Daura ma in sun zo biki sai sun tono maganar. Na tattara tambayoyin da aka fi yi, na amsa su gwargwadon abin da ya tabbata. Inda kuma ra'ayina ne, za ku gane.

Wane zaɓe ake nufi, kuma me sakamakon ya ce?

Babban zaɓen Nijar da aka fara ranar 27 ga Disamba 2020, inda aka haɗa na shugaban ƙasa da na ƴan majalisar dokoki rana guda. Mahamadou Issoufou ya cika wa'adinsa biyu na shekara biyar-biyar, bai nemi tazarce ba. Mutum 30 suka tsaya neman kujerarsa, masu rajista kuma sun kai kimanin miliyan 7.4. Tsarin mulkin 2010 ya ce sai wanda ya wuce rabin ƙuri'u ne zai ci, kuma babu wanda ya wuce. Bazoum Mohamed na PNDS-Tarayya ya samu kashi 39.3 cikin 100, Mahamane Ousmane na RDR-Tchanji ya biyo shi da kusan kashi 17. Sai aka tafi zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021.

Bayan kwana biyu, shugaban hukumar zaɓe ta CENI, Issaka Souna, ya karanta sakamakon wucin gadi: Bazoum kashi 55.75, Ousmane kashi 44.25. Ranar 21 ga Maris kotun tsarin mulki ta ɗan taɓa alƙaluman, suka koma 55.66 da 44.34. A ƙuri'u, kusan miliyan biyu da rabi ke nan da kusan miliyan biyu. An rantsar da Bazoum ranar 2 ga Afrilu, karo na farko tun samun ƴancin kai a 1960 da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓen mulki a Nijar.

Me ya sa abin ya fi ciwo a Damagaram?

Saboda Nafarko. Wannan laƙabi ba a banza aka ba Mahamane Ousmane ba. A nan Zinder aka haife shi a 1950, kuma shi ne shugaban farko da ya hau mulki ta zaɓen jam'iyyu da yawa, a 1993. Bai cika shekara uku ba Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya tumɓuke shi ranar 27 ga Janairu 1996. Ga dattawan garin nan, wa'adin bai ƙare ba, katse shi aka yi, kuma bashi ne da ƙasa ba ta biya ba. Da suka ga ya kai zagaye na biyu bayan shekara 25, jam'iyyarsa ta asali CDS-Rahama ma ta kuɓuce masa a rikicin cikin gida, sai suka ce Allah ne ya kawo ranar biya.

Akwai kuma tsohon miki da ya girmi Ousmane. Zinder ce babban birnin mulkin mallaka kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Tun daga nan Badamagare yake jin an ɗauke masa wani abu. Ƙarancin ruwan sha da garin ya yi shekaru yana fama da shi, jarkoki a layi tun asuba, ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Haka matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewacin gari: ana tace ganga 20,000 a rana a bayan gidanka, amma yaronka mai digiri yana kabu-kabu. Duk waɗannan aka ƙulle cikin dangwale guda.

To ai an ce Bazoum ma ɗan jihar Damagaram ne. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma mutane kan manta da shi in rai ya ɓaci. An haife shi a 1960 a jihar Diffa, amma a yankin Tesker ya tashi, a nan Zinder ya yi sakandare a Lycée Amadou Kouran Daga kafin ya tafi Dakar karatun falsafa, kuma mazaɓar Tesker ce ta riƙa aika shi majalisa tun 1993. Ke nan zagaye na biyu tsakanin ƴaƴan jiha ɗaya aka yi shi, ɗaya na birni, ɗaya na daji wajen makiyaya.

A lokacin kamfe wasu ƴan adawa sun kai ƙara cewa ba ɗan asalin Nijar ba ne, suna shakkar takardunsa. Kotu ta yi watsi da ƙarar. A ganina wannan ita ce magana mafi muni da aka yi a zaɓen. Mutum yana iya ƙin PNDS saboda shekara goma na mulkinta, da badaƙalar kuɗin sayen makamai a ma'aikatar tsaro da ta fito fili a 2020, hujjoji ba su ƙare ba. Amma da aka koma kan launin fata da cewa Balarabe ne ɗan ƙaramar ƙabila, an taɓa abin da ya fi zaɓe girma. Garin da Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafulatani da Tubu suke cin kasuwa ɗaya tun zamanin ayarin raƙuma bai kamata ya ji daɗin wannan waƙa ba.

Mutumin da ya samu kashi 17 a zagayen farko, da wane dalili aka sa rai zai ci?

Da dalilin 1993. A wancan zaɓe ma Ousmane na biyu ya zo a zagayen farko, bayan Mamadou Tandja na MNSD-Nassara. Sai jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗa masa kai, har da Issoufou wanda ya zo na uku, ya ci zagaye na biyu da kashi 54 da ɗoriya. Wanda ya ga haka da idonsa ba za ka gaya masa na biyu ba ya cin zaɓe ba.

A 2021 kuma yana da Hama Amadou, jagoran jam'iyyar adawa ta Lumana, a bayansa. Kotun tsarin mulki ta hana Hama tsayawa saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da aka yanke masa a shari'ar safarar jarirai, shari'ar da shi ya ce bi-ta-da-ƙulli ce. Sai ya umarci magoya bayan Lumana su zaɓi Ousmane, ya kuma yi masa kamfe da kansa. Ibrahim Yacouba, ɗaya daga cikin ƴan takarar zagayen farko, shi ma ya bi.

Sai dai lissafin ƙawance wannan karon ɗaya ɓangaren ya karkata. Seini Oumarou na MNSD-Nassara da ya zo na uku da kusan kashi 9, da Albadé Abouba na MPR-Jamhuriya da ya zo na huɗu da kashi 7, duk Bazoum suka mara wa. Haɗa 39 da 9 da 7, ka ga 55. Wannan shi ne abin da ƴan Tarayya suke ɗaga maka kullum: ba sai an yi maguɗi ba, lissafi ne kawai. Ƴan Canji kuma su ce maka shugaban jam'iyya ba ya ɗaukar magoya bayansa a aljihu kamar goro, da yawa daga ƴan Nassara da Jamhuriya sun ƙi bin umarni, shi ya sa mutuminsu ya tashi daga 17 zuwa 44. Kowace magana tana da ƙafa.

Yaya mutane suka karɓi sakamakon a ranar?

Ba a karɓe shi da murya ɗaya ba, ko a gida ɗaya. A unguwarmu akwai gidan da mai gida ya kashe rediyo ya shige ɗaki tun kafin magariba, ƙaninsa kuma yana waje yana karɓar barka a waya da murya ƙasa-ƙasa don kada yaya ya ji. Masu shaguna da yawa sun rufe da wuri, iyaye mata suna ta aike a nemo samari su dawo gida.

Tun kafin CENI ta gama karatu, ɓangaren Ousmane ya ce an yi wa zaɓe fashi. Shi kansa daga nan Zinder ya yi magana, ya ce takardun da wakilansa suka tattaro sun nuna shi ya ci da kashi 50.3. An fito zanga-zanga a nan da wasu garuruwa, amma a Yamai abin ya fi muni: ƙone tayoyi, jifa, hayaƙi mai sa hawaye, farfasa shaguna da gidaje, har da gidan wakilin RFI Moussa Kaka da aka kai wa hari. Ministan cikin gida na lokacin, Alkache Alhada, ya ce mutum biyu sun mutu kuma an kama 468.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin masu zaɓe ba su fita ko'ina ba. Tsohuwar da ta tsaya a layi tun safe da tawada a yatsa, abin da ta ce bai wuce "Allah ya sa haka ne mafi alheri" ba, ta koma kan tukunyarta. Wannan shirun ba yarda ba ne, ba kuma tawaye ba ne. Gajiya ce.

Kai tsaye: an yi maguɗi ko ba a yi ba?

Wannan ce tambayar da ke raba abokai. Bari in shimfiɗa abin da kowa ya riƙe.

Ɓangaren Ousmane ya nuna yatsa ga yankunan da ke nesa, musamman a jihohin Agadez da Tawa, inda suka ce an kori wakilansu ko an hana su shiga, an kuma cika akwatuna. Misalin da ya fi yawo shi ne na Timia a jihar Agadez, inda Ousmane ya ce yawan waɗanda aka rubuta sun yi zaɓe ya kai kashi 103 cikin 100 na masu rajista, kuma kashi 99 duk na ɗan takarar gwamnati. Ɓangaren Bazoum ya amsa cewa Tawa gidan PNDS ce tun kafuwarta, kamar yadda Yamai ta ba Ousmane rinjaye mai yawa ba wanda ya kira shi sata. Suka ƙara da cewa tazarar ta kai kimanin ƙuri'a rabin miliyan, ba abin da ƴan rumfuna a cikin sahara za su iya haifarwa ba ne. Masu sa ido na CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS) da Tarayyar Afirka ba su ce a soke zaɓen ba.

Yanzu ga inda nake tsaye. A ƙa'ida, ana ƙirga ƙuri'a a cikin rumfa gaban wakilan ƴan takara, a cika takardar sakamako da kowa ke kira PV, a sa hannu, kowane wakili ya tafi da shaidarsa. Daga nan takardu su hau zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa Yamai. Mai zaɓe ya ga matakin farko in ya tsaya leƙe ta taga, ya ji na ƙarshe a rediyo ana karanto jimillar ƙananan hukumomi. Tsakanin nan da can duhu ne a wurinsa. Rumfuna kusan 26,000 ne a faɗin ƙasa. Wanda ya ce ya ci da 50.3 bai zo kasuwar Dole ya baje takardunsa an lissafa gaban jama'a ba, waɗanda suka ce 55 ma ba su zaunar da talaka sun bi da shi rumfa-rumfa har ya gamsu ba. Sai kowa ya gaskata wanda dama yake so. Ga kuma rashin yarda da ya riga zaɓen: ƴan adawa sun daɗe suna ƙaurace wa kujerunsu a CENI, suna cewa dokar zaɓe ta 2017 an ɗinka ta ne daidai jikin masu mulki. Alƙalin da aka ƙi tun kafin a shiga fili, ko ya yi adalci wuya a yaba masa.

Dattawa kuma suna da abin tunawa. A zaɓen Yuli 1996, ana tsakiyar ƙirga Baré ya rushe hukumar zaɓe ya kafa wata, ta ce ya ci tun zagayen farko. Ousmane na cikin waɗanda aka yi wa haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Me kotu ta yi da ƙorafin?

Kotun tsarin mulki ta soke sakamakon rumfuna 73, ta tabbatar da sauran. Hukuncinta ba a ɗaukaka shi a cikin gida. Ousmane ya ƙi amincewa, daga baya ya kai ƙara kotun CEDEAO a Abuja, can ma sakamakon bai canza ba.

Ranar da kotu ta yi hukuncin, 21 ga Maris, ita ce ranar da ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia a jihar Tawa. A ranar zaɓen kanta ma, ma'aikatan CENI bakwai sun mutu da motarsu ta taka nakiya a yankin Dargol na jihar Tillaberi. Mu a nan muna gardamar kashi nawa, wasu suna haƙa kaburbura.

Me ya sa aka yanke intanet, kuma me ya jawo?

Daga 24 ga Fabrairu aka katse intanet na wayar hannu, aka yi kimanin kwana goma a haka. Manufar a bayyane take: a hana kiran zanga-zanga da yaɗa saƙonnin murya na WhatsApp, waɗanda wasunsu, a faɗi gaskiya, guba ce tsantsa. Amma ɗan kasuwar da ke tura hoton kaya ga abokin cinikinsa a Kano, da ɗalibin jami'a, da matar da ke jiran muryar mijinta daga Libiya, duk da su aka haɗa. Jita-jita kuma ba ta mutu ba, ta koma baki da baki, inda ba mai iya ƙaryata ta. Da yawa da suke shakka a da, yanke intanet ɗin ne ya sa suka ce lalle akwai abin da ake ɓoyewa.

Waɗanda suka zaɓi Bazoum a nan fa? Ba a jin labarinsu.

Suna nan, kuma ba kaɗan ba ne, musamman in ka fita birni ka nufi Gure da Tesker da ƙauyuka da yawa. A cikin gari ma akwai malaman makaranta da tsoffin ƴan ƙungiyar ƙwadago da suka san shi tun yana ɗan gwagwarmaya, da ƴan kasuwar da suka fi son abin da suka sani. Murnarsu ta kasance a takure. Wani abokina malamin firamare ya ce mini sati biyu ya yi bai je fadarsu ba, ba don tsoron duka ba, sai don kada ya ga idon mutanen da suka yi shekara ashirin suna shan shayi tare. Da ya koma, babban fadar ya dube shi ya ce, "Malam, kun ci, Allah ya ba ku ikon riƙewa. Zauna." Ba a ƙara tayar da maganar ba sai bayan wata guda.

Ina aka kwana da Hama Amadou?

Gwamnati ta zarge shi da ingiza tarzomar. Ya kai kansa wurin ƴan sanda, aka tsare shi a gidan kason Filingué a farkon Maris, sannan a Afrilu aka bar shi ya tafi Faransa neman magani. Bai dawo ba sai bayan juyin mulkin 2023. Ya rasu a Yamai a Oktoba 2024.

An yi ta maganar shugaban ƙasa. Majalisa fa?

Nan ne ƴan adawa suka yi asarar da ba su cika lissafawa ba. A majalisa mai kujeru 171, PNDS ita kaɗai ta kwashi kusan 80, Lumana 19, RDR-Tchanji kuwa bakwai kacal. Da abokan ƙawance, masu mulki suka samu rinjaye mai faɗi. Seini Oumarou ya zama shugaban majalisa, Ouhoumoudou Mahamadou ya zama firaminista.

Abin da wannan ke nufi, ko da Ousmane ne aka rantsar, da majalisar da ba tasa ba zai zauna. Ya taɓa ɗanɗana irin haka. Bayan Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista a 1994 ƙawancen AFC ya tsage, zaɓen majalisa na Janairu 1995 ya ba ƴan adawa rinjaye, Hama Amadou ya zama firaminista a ƙarƙashinsa. Shekara guda shugaba da firaminista suna ja-in-ja har kan wanda zai tsara taron ministoci, kuma da wannan hujja sojoji suka shigo a 1996. In ka tuna wa masu kukan 2021 wannan, wasu su yi shiru, wasu su ce ai da ya rushe majalisar an sake zaɓe.

A shekara biyun da Bazoum ya yi, me mai zaɓe ya gani?

Tun kafin rantsuwa aka ga alama: daren 30 zuwa 31 ga Maris 2021, kwana biyu kafin bikin, an ji harbe-harbe kusa da fadar shugaban ƙasa, aka ce yunƙurin juyin mulki ne aka murƙushe.

Bayan ya hau, ya fi ba da ƙarfi kan ilimi, da alkawarin rage azuzuwan zana da gina makarantun kwana na ƴan mata, irin ta Kelle a yankin Gure. Ya rage tsare hanyoyi in zai wuce, yana kiran ƴan ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula su zauna da shi. Har cikin waɗanda suka ƙi shi an samu masu cewa mutumin ya fi yadda suka zata. Amma tsadar hatsi ba ta sauka ba bayan daminar 2021 da ta zo da gardama, kuma zargi biyu sun bi shi har ƙarshe: cewa tsohon shugaba Issoufou ne ke riƙe da akala ta bayan fage, da cewa ya buɗe wa sojojin Faransa ƙofa bayan Mali ta sallame su. Na biyun ya fi tasiri a wurin samari. A garin da aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, aka kuma tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa a 1906, maganar Faransa ba ta buƙatar dogon bayani.

Shin rikicin zaɓen ne ya kawo juyin mulkin 26 ga Yuli 2023?

A'a, ba kai tsaye ba. Ba ƴan adawa suka yi shi ba. Rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa ce ta tsare Bazoum, kuma kwamandanta, Janar Abdourahamane Tiani, yana kan wannan muƙami tun zamanin Issoufou. Dalilan da majalisar soja ta CNSP ta bayar su ne taɓarɓarewar tsaro da rashin iya mulki, ba ƙuri'un Timia ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da rikicin 2021 ya yi shi ne ya bar kujerar ba masu kare ta da yawa. Mutumin da ya yi shekara biyu yana cewa an sace masa ƙuri'a, ranar da aka ce masa fito ka kare zaɓaɓɓen shugaba, sai ya tambaye ka wa ya zaɓe shi. Da an rufe gardamar 2021 ta hanyar da mai shan kaye zai ce na gani na yarda, da wataƙila wanda bai zaɓi Bazoum ba ma zai ji an taɓa wani abu nasa. Ba a rufe ta ba, aka bar ta ta ruɓe.

Shi ya sa aka ga mutane suna murna a titi?

Yana ciki, amma ba shi kaɗai ba. Akwai masu jin haushin PNDS na shekara goma sha biyu, akwai masu ƙin Faransa, akwai kuma waɗanda ba su damu da kowa ba sai da CEDEAO ta yi barazanar kawo yaƙi, sannan suka ce ƙasarmu ce. Barazanar nan ta tara wa sojoji jama'ar da ba su da ita a ranar farko. A Damagaram an ƙara da wani abu: firaministan da aka naɗa a Agusta 2023, Ali Mahaman Lamine Zeine, haifaffen Zinder ne, tsohon ministan kuɗi na zamanin Tandja.

Wasu ƴan Canji sun ɗauka za a yi gajeren riƙon ƙwarya irin na Wanké a 1999 ko na Salou Djibo a 2010, a shirya zaɓe cikin shekara guda, Nafarko ya sake gwadawa. Ba haka ta kasance ba.

Takunkumin ya taɓa Zinder sosai?

Ƙwarai. Mu da Kano tazarar kilomita 240 ce ko kusa da haka, kuma cinikinmu can ya fi karkata fiye da Yamai mai nisan kusan kilomita 900. Da aka rufe iyaka, dabbobi da wake da ake kaiwa kudu suka tsaya, kayan masarufi da magunguna da ke shigowa suka yi tsada, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, bankuna suka taƙaita fitar da kuɗi. Ƴan Matamaye da Magarya, waɗanda gonar wani tana wannan ƙasa surukansa suna waccan, suka koma bin hanyoyin daji a kan babur, kowane shinge da kuɗinsa. Ba a tambayi kowa wa ya zaɓa ba kafin a ƙara masa kuɗin shinkafa. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyakar Najeriya a Maris. Kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a Satumba 2023, sun kuma sanar da ficewa daga CEDEAO a Janairu 2024.

Ina ƙuri'ar da aka kaɗa wa ƴan majalisa da kansiloli?

Majalisar dokoki ta tafi tare da tsarin mulki tun ranar juyin. Majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, waɗanda aka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020, sun ɗan ƙara kwana, sai a Afrilu 2024 aka rushe su aka naɗa kantomomi. Wannan ya shafi kowa daidai: garin da ƴan adawa suka ci da wanda masu mulki suka ci, duk magadan garinsu sun sauka rana ɗaya.

Katin zaɓena yana nan. Yaushe zan sake amfani da shi?

Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai a Fabrairu 2025 ya ba da shawarar wa'adin shekara biyar da za a iya ƙarawa gwargwadon halin tsaro. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani a matsayin shugaban ƙasa a kan wannan tsari, kuma a ranar aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa. Ba Tarayya, ba Canji, ba Lumana, ba Nassara. Bazoum, wanda ya ƙi sa hannu a takardar murabus, an cire masa rigar kariya a Yuni 2024.

Katin da ke hannunka na rajistar 2020 ne, wadda aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Duk lokacin da aka tashi sabon zaɓe sai an sabunta rajista, ko don yaran da suka cika 18 tun daga lokacin, waɗanda yawansu ba kaɗan ba ne a ƙasar da rabin jama'arta ba su wuce shekara 15 ba. Wani ɗan ƙanena da ya yi zaɓensa na farko a 2021 ya tambaye ni ko ya jefar da nasa. Na ce masa ya sa shi cikin leda tare da takardar haihuwa. Nawa na 1993 ma yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, tare da na 1996 da na 1999.